Babi na Shida: Kula da Injinan Gidan Burodi Tun Kafin Su Lalace

Wannan babi na ma'aikatan gidan burodi ne, da masu gidan abinci, da mata masu kek da cincin na sayarwa waɗanda sana'arsu ta kai su ga sayen inji. A karanta a hankali, layi bayan layi. Wanda bai gane ba ya sake karantawa, ko ya tambayi malami. Tambaya ba abin kunya ba ce. Kowa a ajin nan babba ne, kuma hannuwanku sun riga sun san aikin. Abin da za mu ƙara shi ne tsari da rubutu.

Darasi na 1: Me ya sa za a taɓa injin da ke aiki lafiya?

Domin inji ba ya mutuwa rana ɗaya. Bel yana sakin jiki ne kaɗan-kaɗan. Boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwayaye da ke sauƙaƙa juyawa, yana bushewa kaɗan-kaɗan. Idan boris ya bushe, juyawa ta yi wa inji wuya, sai moto ya riƙa wahala. Moto shi ne ƙarfen nan mai nauyi da wuta ke shiga ya juya bel. Idan ya wahala sai ya ɗau zafi, idan zafin ya yi yawa sai koyil, wato wayar da ke naɗe a cikinsa, ya ƙone. Abin da giris kaɗan zai hana, ya koma ɗaukar moto zuwa wajen mai naɗa koyil, gida ya kwana biyu babu aiki.

Kuma ku lura, inji ya fi tsayawa ranar da aka fi matsa masa: cikin azumi, ko jajibirin sallah, da ƙarfe 3 na dare. A lokacin an riga an juye buhun fulawa mai kilo 50, an zuba sukari da bota da yis. Yis ba ya jiran makanike. Kwaɓin zai tashi, ya wuce misali, ya yi tsami. Da asuba masu babur za su zo ɗaukar burodi su tarar babu. Mai shayi ba zai rufe teburinsa saboda ku ba, wani gidan zai koma, kuma ba kowa ne zai dawo ba. Rigakafi ya fi magani, in ji Hausawa.

Darasi na 2: Kashe, zare, gwada

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne a babin nan. Idan ba ku riƙe komai ba, ku riƙe shi.

Da farko mu koyi karanta abin da ke jikin inji. Koren madanni na tayarwa ne. Jan madanni na tsayarwa ne. A kan makunni za ku ga haruffa biyu, O da N, wato ON. Ma'anarsa a kunne. Za ku ga haruffa uku, O da F da F, wato OFF. Ma'anarsa a kashe. Wanda ya fi tsawo shi ne kashewa. A wasu injinan babu haruffa, sai sanda ɗaya a tsaye da kuma da'ira. Sanda a kunne, da'ira a kashe. Kowa ya rubuta ON da OFF sau biyar a littafinsa. Wanda hannunsa ke rawa kada ya damu, a hankali zai faɗa.

Kafin ka sa hannu cikin kowane inji, don gogewa ko don dubawa, abu uku za ka yi.

Na ɗaya, kashe. Danna jan madanni, ka jira inji ya tsaya cak.

Na biyu, zare. Zare filogi daga soket ɗin bango, ka ajiye shi inda idonka ke ganinsa. Idan babban inji ne da ba shi da filogi, akwai akwatin wuta mai hannu a bango. Ja hannun zuwa OFF. Rataya takarda a kai mai cewa: KADA A KUNNA, ANA AIKI. Idan akwai wurin kwaɗo, sa kwaɗo, makulli a aljihunka.

Na uku, gwada. Koma wajen injin ka danna koren madanni. Idan bai motsa ba, to yanzu ne za ka sa hannu. Idan ya motsa, filogin wani injin ka zare, sake daga farko.

Mu maimaita tare da baki: kashe, zare, gwada.

Yawancin ɗalibai suna yin na ɗaya su manta na biyu. Suna ganin tunda inji ya yi shiru, shi ke nan. A'a. Jan madanni kaɗai bai isa ba. Abokin aikinka zai iya jingina da koren madanni bai sani ba. Yaro zai iya shigowa ya danna. Sai an zare.

Ga kuma inda aka fi samun hatsari. Ana cikin kwaɓi sai a ɗauke wuta. Inji ya tsaya, ɗaki ya yi tsit. Sai wani ya ce bari ya kwashe kwaɓin kafin a kawo wuta, ya zura hannu har gwiwa. Ku saurare ni da kyau: ɗauke wuta ba kashe inji ba ne. Makunninsa yana nan a ON. Akwai injinan da, da zarar an dawo da NEPA, ko wani a waje ya tayar da janareta ya juya layi, nan take za su ci gaba daga inda suka tsaya, ko da hannun mutum a ciki. Injin milin, mai ƙarafa biyu masu murza kwaɓi, idan ya kama yatsa ba ya saki, hannun yake ja gaba ɗaya. Don haka ko an ɗauke wuta, ko gari duka ya yi duhu, ka kashe, ka zare. Gwadawa ba ta nuna komai idan babu wuta, saboda haka a wannan hali ka duba da idonka da tocila cewa filogin da ke ƙasa na wannan injin ne.

Wani zai ce, “Malam, minti ɗaya kawai zan yi.” Ko daƙiƙa ɗaya ce, zare. Wani zai ce, “Oga yana sauri.” Ka ce masa, “Yallaɓai, a yi haƙuri in zare wuta.” Maigida mai hankali ba zai yi fushi da wannan ba.

Aikin yi: rubuta kalmomin nan uku da manyan haruffa a kwali, ka manna a bango saitin injin: KASHE. ZARE. GWADA.

Darasi na 3: Injin kwaɓi

Me za mu fara yi? Kashe, zare, gwada. Madalla.

Kullum bayan an tashi aiki, a kankare kwaɓin da ya manne a kwano da jikin ƙarfen kwaɓawa tun yana da laushi. Idan ya kwana ya bushe sai ya zama kamar siminti, gobe a sa wuƙa ana kartar kwanon. Kada a sa wuƙa. A yi amfani da makankarin roba, sannan tsumma da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a ɗauraye, a goge ya bushe.

Kada a watsa wa inji ruwa da bokiti. Ruwa idan ya shiga moto ko makunni, ko dai ya ƙone shi ko ya sa jikin injin ya riƙa jan mutane. Tsumma mai laima ya isa.

A bayan moto akwai ƙananan ƙofofi da iska ke shiga ta sanyaya shi. Garin fulawa yana toshe su, lokacin hunturu kuma ƙura ta ƙaru a kai. A share su da busasshen buroshi.

Sau ɗaya a mako a duba bel. Kafin a buɗe murfinsa, me za a yi? Kashe, zare, gwada. Danna tsakiyar bel da babban yatsa. Ya kamata ya ɗan lotsa kamar santimita 1, kusan faɗin ƙaramin yatsa. Idan ya lotsa sosai ya saki, a ɗaure shi. Idan ka ga tsaga ko zare yana fita, a sayo sabo yau, kada a jira ya tsinke. A jikin bel akwai harafi da lamba. Kwafe su a takarda ka tafi da ita kasuwa. Ka ga amfanin karatu ke nan, ba sai ka ɗauki tsohon bel kana yawo shago-shago ba. Bayan an gama a mayar da murfi a ɗaure notinsa. Ba a barin bel a buɗe.

Yanzu maganar mai. Na sha ganin ana ɗebo baƙin man da aka juye daga janareta ana ɗiga wa injin kwaɓi. Wannan ba daidai ba ne, kuma kun san ba daidai ba ne. Man nan yana gangarowa cikin kwano, ya shiga burodin da 'ya'yan mutane za su ci, har da naku. Duk wurin da ke sama da kwano ko kusa da kwaɓi, giris na injinan abinci ake sa masa, akwai shi daban. Hukumar NAFDAC tana duba gidajen burodi, amma bai kamata sai don tsoron hukuma za a bar wannan ba.

A jikin inji akwai ƙaramin faranti mai rubutu. Nemi lambar da ke da haruffa kg a gabanta, wato kilo. Ka tambayi makanike ko nauyin fulawa take nufi ko na kwaɓi duka. Kada a wuce wannan lamba don a rage zagaye ɗaya.

Sannan ka saba da muryar injinka. Ranar da ka ji sabuwar ƙara, ko ƙauri, ko girgizar da ba ka saba ji ba, tsayar da shi ka faɗa wa maigida a ranar.

Darasi na 4: Littafin inji

A sayi littafi mai shafi 40, a ɗaura masa biro da zare, a rataye kusa da ƙofa. Kowane inji da shafinsa. Ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, shafi ya rabu gida huɗu. Gida na farko kwanan wata. Na biyu abin da ka yi. Na uku abin da ka gani. Na huɗu sunanka.

Kwanan wata haka ake rubuta shi: rana, wata, shekara. Misali 7/3/2025 yana nufin ranar 7 ga watan uku, wato Maris. Rana ce farko, sannan wata.

Ba a buƙatar dogon bayani. “Na goge kwano. Bel ya ɗan saki.” Ya isa. Ranar da makanike ya zo, littafin zai gaya masa yaushe matsalar ta fara, ba sai an tsaya gardamar wa ya taɓa me ba.

Amma fa wasunku sai su bar littafin mako guda babu rubutu, sannan su zauna ranar Asabar su cika kwana bakwai da biro ɗaya. Wa kuke yaudara? Rubutun da ba a yi aikinsa ba ya fi farin shafi illa, domin maigida zai ɗauka an duba alhali ba a duba ba. Ku manya ne, bai kamata a riƙa bin ku a kan wannan ba. Kuma har yanzu ina ganin masu goge kwano filogi na jikin soket. Sau nawa za a faɗa? Kashe, zare, gwada.

Darasi na 5: Oban da gas

A bar oban ya huce kafin a goge. Na lantarki ne? Kashe, zare, gwada. Na gas ne? Rufe kan tukunya.

Duk mako a kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, a buɗe gas, a shafa a bakin tukunya da mahaɗin tiyo. Inda kumfa ke hurowa, nan gas ke fita. Ba a gwada yoyon gas da ashana, har abada. Tiyon da ya tsage a canja shi, ba a naɗe shi da salatif.

Harshen wuta mai kyau shuɗi ne. Idan ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta gindin gwangwani, ƙofofin murhun sun toshe, a share su.

Idan ka shigo ka ji warin gas, kada ka taɓa kowane makunni, ko na fitila. Rufe tukunya, buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita.

Idan burodi yana ƙonewa ta gefe ɗaya, duba bakin ƙofar oban, wataƙila zafi na tsira ta nan. Masu tandar bulo ta itace su kwashe toka, su liƙe tsaga, su share bututun hayaƙi.

Darasi na 6: Firiji

Firiji ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa da haka. Firiza a digiri 18 ƙasa da sifili, ana rubuta shi -18. A bar tazara tsakaninsa da bango. Duk wata a zare shi a share ƙurar ragar da ke bayansa.

Sa takarda a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. Idan ta zare cikin sauƙi, robar ƙofa ta mutu. Ba a fasa ƙanƙara da wuƙa, za a huda bututun gas. Idan aka dawo da wuta a jira minti 5 kafin a kunna.

Darasi na 7: Janareta da injin yanka

A duba man janareta kafin a tayar. A juye man bisa awannin da littafin kamfanin janaretan ya faɗa. A waje ake ajiye janareta, hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki.

Injin yanka burodi, a share ɓurɓushi da buroshi, ba da hannu ba, bayan an zare.

Aikin gida: kowa ya cika shafi ɗaya na littafin injinsa, ya zo da shi darasi na gaba.