Kurakuran da masu fara karanta labaran Girkawa na dā suka fi yi

Kusan duk wanda ya zo mini yana cewa ya fara sha'awar labaran Girkawa na dā, kafin hira ta yi nisa nake gane cewa ramin da na faɗa shekarun baya shi ne ya faɗa, don haka na ga gara in rubuta abin sau ɗaya in huta da maimaitawa.

Babban kuskuren, wanda har yau ina jin nauyinsa, shi ne mutum ya kalli fim ko ya karanta taƙaitaccen bayani, sannan ya ɗauka ya san littafin. Wata rana a wani zaman masu karatu na miƙe da ƙarfin gwiwa na ce babu wurin da ya fi burge ni a waƙar Iliyad ta Homa kamar inda Girkawa suka ɓuya cikin dokin katako suka ci birnin Tiroyi. Wani dattijo ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, a wane babi ka ga wannan?" Na koma gida na kwashe mako guda ina juya babi 24 na waƙar, ban ga doki ba, domin babu shi a ciki. Iliyad ba tarihin yaƙin shekara 10 ba ce. 'Yan makonni ne kawai na shekara ta goma, ta fara da fushin Akilis, jarumin Girkawa, ta ƙare da jana'izar Hekta, jarumin Tiroyi, birnin kuma yana nan a tsaye. An ambaci dokin a gurguje a waƙar Odisi, amma wanda ya ba da labarinsa filla-filla shi ne Birjil, mawaƙin Rumawa, a babi na 2 na waƙarsa Iniyid, ɗaruruwan shekaru bayan Homa. Haka ma labarin cewa uwar Akilis ta tsoma shi a kogi ta riƙe shi ta diddige, Homa bai faɗe shi ba.

Kunyar da na sha ƙaramin abu ce idan aka kwatanta da asarar da na yi. Taƙaitawa ta hana ni sanin babi na 24, inda tsohon sarkin Tiroyi Firiyam, mahaifin Hekta, ya shiga sansanin abokan gaba da dare, ya durƙusa ya sumbaci hannun Akilis, wanda ya kashe masa ɗa, yana roƙon a ba shi gawar, har su biyun suka zauna suna kuka, ɗaya don ɗansa, ɗaya don mahaifinsa da amininsa. Wanda ya karanta wannan wurin da kansa ba zai ƙara kallon maƙiyi kamar yadda yake kallonsa a da ba, kuma babu mai taƙaitawar da zai iya ba shi wannan a layi uku. Maganin da na yi wa kaina shi ne babi ɗaya kowane dare, da murya a fili, domin waƙoƙin nan an yi su ne don kunne tun kafin a mayar da su takarda. Wasu za su ce jinkiri ne. Ni dai da shi na warke.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin masu yin sa sun karanta littafin, amma sun shige shi suna neman nagari da mugu kamar masu sauraron tatsuniyar dare, suna jiran a ce ƙurunƙus a ba su darasi a hannu. Ku daina! Sofokilis bai rubuta wasan Antigoni don ku tafa wa ɗaya ku tsine wa ɗaya ba. Antigoni ta binne ɗan'uwanta domin haƙƙin jini da na addini sun wajabta mata, Kiriyon, sarkin garin, kuma ya hana binnewar domin mamacin ya ɗauko yaƙi ya kawo wa garinsu, kuma sarkin da bai hukunta cin amana ba garinsa ba zai zauna ba. Kiriyon ya wuce gona da iri, ya rasa ɗansa da matarsa, amma wanda bai taɓa jin ƙarfin hujjarsa ba bai fahimci wasan ba. Odisiyus ma, jarumin waƙar Odisi, wanda ake yi wa kirarin wayo, ya yaudari dodon nan mai ido ɗaya da cewa sunansa "Babu Kowa", ya tsira, sai kuma girman kai ya sa ya waiwayo daga cikin jirgi ya faɗi sunansa na gaskiya, abin da ya jawo masa fushin Fosaidon, allan teku a wurin Girkawa kuma mahaifin dodon, da shekarun wahala a teku. Al'adata ita ce in rubuta hujjar wanda na fi ƙi a cikin labarin, da gaskiya, kafin in yarda in yanke masa hukunci.

Sauran ƙananan kurakurai ne. Kada ku cakuɗa sunayen allolin Girkawa da na Rumawa: Ziyus shi ne Jufita, Atina ita ce Minaba. Kada ku yi gardama a kan wace ruwaya ce ta gaskiya, domin kowane mawaƙi da yadda ya juya labarin. Abin da Fandora ta buɗe a waƙar Hesiyod, har masifu suka fito duniya, randa ce. Akwatin da kowa ke faɗa ya samo asali ne daga kuskuren fassarar Irasmus, wani malamin ƙasar Holand, a ƙarni na 16. Idan kuma fassarar Turanci ta yi muku tauri kuma kuna jin Larabci, Sulaiman al-Bustani ya mayar da Iliyad waƙar Larabci, an buga ta a Alƙahira a 1904.