Matakan Gyara Na'urar Ƙara Ƙarfin Sabis a Cikin Gida

Mutane da dama sun yi ta tambayata abin da za su yi idan kira yana yankewa a ɗaki, duk da cewa sun kafa na'urar ƙara ƙarfin sabis. Ga matakan bi da bi.

1. Ku fita waje ku duba ƙarfin sabis a saitunan wayarku. Adadin da ya kusanci -80 dBm (ma'aunin ƙarfin sabis) yana da kyau, amma idan ya kai -110, da kyar na'urar za ta sami abin da za ta ƙarfafa.

2. Ku zare na'urar daga soket na daƙiƙa 30.

3. Bayan kun mayar da ita, ku jira fitilunta su daidaita.

4. Ku ɗaure mahaɗan kebul da hannu, domin sau da yawa matsalar ba ta wuce mahaɗi guda da ya saki ba.

5. Ku juya eriyar waje, wato wadda ke kamo wa na'urar sabis daga wajen gida, a hankali ta fuskanci hasumiyar kamfanin layinku.

Gargaɗi: a nan aka fi yin kuskure. Kada eriyar waje ta kalli ta cikin gida ko ta matso kusa da ita, domin na'urar za ta riƙa jin muryar kanta, sai ta rage ƙarfi ko ta ɗauke gaba ɗaya.

6. Ku nisanta eriyar cikin gida daga ƙarfe da bango mai kauri.

7. Ku kashe wayar ku sake kunnawa, don ta kama sabis sabo.

8. Ku gwada kira a ɗakin da ya fi ba ku wahala.