Darasi Kan Kiwon Kaji: Kaza Mai Kwanci da Gurbin da Ta Ɓoye

A yawancin gidajenmu na ƙasar Gombe, tun daga Dukku har zuwa Kaltungo, kiwon kaji yana hannun mata da yara ne, kuma sakin kajin ake yi su nemi abincinsu a tsakar gida da bayan danga. Sau da yawa kaza takan ɓace, a yi ta zargin muzuru ko ɓarawo, sai bayan mako uku a ga ta fito daga ƙarƙashin rumbu da 'yan tsaki huɗu a bayanta. Gida ya ɗauki murna, amma da za a leƙa inda ta fito, da an tarar da ƙwai goma ko fiye sun zama baragurbi. Wannan asara ce, ko da yake ba a cika lissafa ta ba. Abin da darasin nan yake koyarwa shi ne, mai kaji ce ya kamata ta zaɓi kazar da za ta yi kwanci, da wurin da za ta kwanta, da ƙwan da za ta kwanta a kai, da kuma lokacin da za ta fara.

Yadda ake gane kaza ta shiga kwanci

Kazar gida takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar, sannan jikinta ya sauya, ta daina yin ƙwai, ta koma son kwanciya a kan abin da ta tara. Wani sinadari ne da jikinta yake fitarwa yake kawo wannan sauyi, kuma taɓa ƙwai da ƙirjinta yana ƙara masa ƙarfi. Shi ya sa ƙwan da aka bari ya taru a wuri guda yake saurin jawo kwanci.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Takan wuni a gurbi, ta kuma kwana a nan maimakon ta hau inda ta saba kwana. Idan aka kai hannu sai ta buɗa gashinta, ta yi gurnani, ta kai sara. Idan aka ɗaga ta aka duba ƙirjinta, za a ga gashin wurin ya zube, fatar ta fito fili da ɗumi, domin ta nan ne zafin jikinta yake isa ga ƙwai. Sau ɗaya take fita a rana, ta ci, ta sha, ta yi kashi mai yawa mai wari, ta yi birgima a turɓaya, ta koma kafin rabin awa. Kazar da ta kwanta yini ɗaya kawai ba a ce ta yi kwanci ba tukuna. A jira a ga ta kwana biyu ko uku a gurbi ba ta tashi ba kafin a amince mata da ƙwai.

Kajin gidan gona da aka inganta domin yin ƙwai, irin su Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta samar, ba su cika yin kwanci ba. Wanda yake da irinsu, idan yana son 'yan tsaki, sai ya nemi kazar gida ta kwanta masa.

Abin da yake sa kaza ɓoye ƙwai

Kaza tana neman wuri mai duhu-duhu, marar hayaniya, wanda ba a ganinta daga nesa. Idan ba a tanadar mata irin wannan wuri ba, za ta nemo da kanta: ƙarƙashin rumbu, bayan randa, cikin tarin kara ko harawa, cikin kangon ɗaki, ko gonar maƙwabta idan damina ta yi shuka ta rufe ƙasa. Haka kuma idan ƙuma da ƙwarƙwata sun cika akurki, ko yara suna yawan damunta, ko kuma ana kwashe ƙwan kaf a gabanta, sai ta sauya wuri. Saboda haka kafin a ga laifin kaza, a fara duba akurki.

Illar ɓoyayyen gurbi ta fi abin da ake zato. Ƙwan farko da na ƙarshe sukan sami tazarar mako biyu ko fiye, kuma a bazara, wato watannin Maris da Afrilu da zafi yake kai digiri 40, na farkon yakan lalace tun kafin kaza ta kwanta. Wata kazar takan bi sawu ta riƙa ƙara nata ƙwan a wurin, har su fi ƙarfin fukafukan mai kwancin, na gefe su yi sanyi. Da damina ruwa yana shiga gurbin da yake ƙasa. Ga kuma gafiya da ɓera da guza da maciji da kwarkwasa.

Neman gurbin ba ya buƙatar wahala. Kaji sun fi yin ƙwai da safe zuwa tsakar rana, don haka a tsare kazar da ake zargi a cikin akurki har hantsi ya ɗaga. Idan aka sake ta, ƙwai ya matse ta, kai tsaye za ta nufi gurbinta, sai a bi ta daga nesa ba tare da an kore ta ba. Idan kuma ta riga ta fara kwanci, a lura da lokacin da take fitowa cin abinci, a bi ta idan za ta koma. Akwai gargaɗi mai muhimmanci a nan, musamman ga yaran da ake aika wa: kada a zura hannu cikin tarin kara ko rami ba a gani ba. A fara bincikawa da doguwar sanda, a haska da tocila. Gamsheƙa tana bin ƙwai, kububuwa kuma tana laɓewa a irin waɗannan wurare, kuma mutanen kudancin Gombe, inda asibitin masu saran maciji yake a Kaltungo, sun san wannan ba abin wasa ba ne.

Idan an sami gurbin

Hukuncin ya danganta da ko kaza ta fara kwanci ko ba ta fara ba. Idan ba ta fara ba, a kwashe ƙwan, a toshe wurin da ƙaya ko duwatsu. Wanda za a ci a gwada shi a cikin kwanon ruwa: sabo yana nutsewa ya kwanta a ƙasa, wanda ya taso ya yi iyo kuwa a zubar da shi, a binne. Ƙwan da aka tsoma a ruwa ba a mayar da shi ƙarƙashin kaza. Bayan haka a riƙa tsare kajin har azahar na tsawon mako guda, domin su saba da gurbin da aka yi musu.

Idan ta riga ta kwanta, sai a auna wurin. Idan a cikin gida ne, ruwa ba ya shiga, to barinta a nan ya fi, a riƙa kifa mata babban kwando da dare a danne da dutse, a buɗe da safe. Idan wurin yana da haɗari, a ɗauke ta, amma da dare, bayan isha'i, lokacin da ba ta gani sosai. A kwashe ƙwan a hankali cikin ƙwarya mai ƙaiƙayi, a jera a sabon gurbi, a ɗora ta a kai, a rufe ta na kwana ɗaya ko biyu da ruwa da abinci a kusa. Wata kazar ba ta yarda da ƙaura ko kaɗan, tana samun hanya za ta koma tsohon wuri ta kwanta a kan ƙasa. Wannan ne ya sa gyara gurbi tun da wuri ya fi ɗaukar kaza daga baya.

Gurbin da kaza za ta yarda da shi

Ba sai an kashe kuɗi ba. Tsohuwar tukunyar ƙasa da bakinta ya fashe, ko kwando, ko kwali mai ƙarfi, ko tubali uku da aka jera a lungu, duk sun isa, muddin faɗi da tsawo sun kai ƙafa ɗaya, wato kimanin santimita 30. A zuba yashi ko toka kaɗan a ƙasa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa, a ɗan lotsa tsakiya domin kada ƙwai ya gangara gefe. Gurbi ɗaya ya ishi kaji huɗu ko biyar masu yin ƙwai, amma mai kwanci nata daban ne, inda sauran ba za su hau kanta ba. A kowane gurbi a bar ƙwai ɗaya da aka yi wa alama, ko dutse mai siffar ƙwai, sauran kuma a kwashe kullum.

Idan ana son ta ƙyanƙyashe

A zaɓi kaza mai ƙiba da lafiya, mafi kyau wadda ta taɓa ƙyanƙyasa ta raini 'ya'yanta. Ƙwan kuma ya fito daga kajin da suke tare da zakara, kuma zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. A ɗauki mai tsabta, marar tsaga, matsakaici, wanda bai wuce kwana bakwai ba. Kada a wanke shi, domin akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da yake hana ƙwayoyin cuta shiga. Kafin ranar sawa a ajiye shi a wuri mafi sanyi a ɗaki, kamar kusa da randa, bakinsa mai tsini yana kallon ƙasa.

Kazar gida ƙarama ce, ƙwai takwas zuwa goma sun ishe ta, babba kuma ta ɗauki goma sha biyu. Ma'aunin shi ne, idan ta kwanta kada a hangi ko ɗaya daga waje. Kwaɗayin ƙara ƙwai yana jawo babbar asara, domin kaza tana juya ƙwanta sau da yawa a rana, wanda yake gefe yau gobe yana tsakiya, sai sanyin ya zagaye su duka. A sa su gaba ɗaya a rana guda, a yi wa kowanne alama da fensir ko gawayi. Duk ƙwan da aka gani daga baya babu alama, wata kaza ce ta ƙara shi, sai a cire.

A nan ne karatu da lissafin da muke koya suke amfani. A rubuta ranar a littafi ko a jikin kalanda. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, wato mako uku, don haka idan an sa ranar Juma'a, Juma'a ta uku bayan wadda aka sa ake sa ran 'yan tsaki. Na zabuwa kwana 26 zuwa 28 ne, kusan mako huɗu. Na agwagwar da muka saba kiwo kuwa kwana 35 ne, mako biyar. Zabi da damina suke yin ƙwai, su ma a ɓoye cikin ciyawa ko gona, kuma zabuwa ba ta iya raino kamar kaza ba, shi ya sa aka saba ba wa kaza ƙwanta. Wanda zai haɗa iri biyu a gurbi ɗaya, ya fara sa na zabuwa, bayan mako guda ya ƙara na kaza, domin su fashe tare. In ba haka ba, kaza za ta tashi da 'yan tsakin da suka fara fitowa ta bar sauran su mutu a cikin ɓawo.

Tsakanin kwana bakwai zuwa goma ana iya duba ƙwan da dare. A riƙe shi a kan hasken tocila ko fitilar waya, a kewaye da hannu domin hasken ya ratsa ta ciki. Mai rai za a ga ɗigo baƙi da jijiyoyin jini sun bazu daga gare shi kamar saiwa. Wanda haske ya ratsa fes babu komai a ciki ba zai ƙyanƙyashe ba, a cire shi kafin ya ruɓe ya fashe ya ɓata sauran. A yi aikin da sauri, a mayar kafin ya huce.

Mai kwanci tana ramewa, domin ɗan abin da take ci bai taka kara ya karya ba. A ajiye mata ruwa mai tsabta da gero ko dawa ko tsakin masara taku kaɗan daga gurbi, yadda sai ta tashi kafin ta ci, domin kada ta yi kashi a kan ƙwai. A tanadar mata toka da yashi na birgima. Ƙuma da ƙwarƙwata su ne suka fi tayar da kaza daga kwanci, har takan rasa jini ƙoron kanta ya yi fari. Mutane da yawa suna sa busasshen ganyen dogon yaro a ƙarƙashin shimfiɗa. Idan abin ya yi yawa a nemi shawarar malamin dabbobi ko malamin gona. Kada a zuba fiya-fiya ko maganin feshin gona a gurbi, domin yana iya kashe kazar da abin da yake cikin ƙwan. A kwana ukun ƙarshe takan ƙi tashi gaba ɗaya, sai a ƙyale ta, kuma kada a ɓare wa ɗan tsako ɓawo don an ga ya daɗe.

Idan ba a son kwancin

Ba kowane kwanci ne yake da riba ba. Kazar da ta kwanta mako uku, ta yi rainon wata biyu ko fiye, ta shafe kusan wata uku ke nan ba ƙwai. Idan babu zakara, ko kaji uku sun kwanta lokaci guda, ko kazar ta rame, ko ana fama da annobar kaji a unguwa kamar yadda aka saba gani da hunturu, to tayar da ita ya fi. Barinta ta kwanta a gurbin da babu komai ba tausayi ba ne, domin za ta iya wuce mako uku tana ramewa a banza.

A cire ta tun a kwanakin farko, domin idan kwancin ya yi nisa ya fi wuyar karyawa. A sa ta a keji ko kwando mai ƙasan ragar waya ko sanduna, a ɗora a kan tubali yadda iska za ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinta, a inuwa mai haske, ba tare da wata shimfiɗa ba. A ba ta abinci da ruwa wadatacce. Idan ƙirjinta ya huce, kwancin yakan sake ta cikin kwana uku zuwa biyar. Sai a sake ta a gani: idan ta bi sauran kaji kiwo, an gama, idan kuma ta nufi gurbi, a mayar da ita na ƙarin kwana biyu. Tsoma kaza a ruwan sanyi, ko ɗaure mata ƙafa a rana, ko hana ta abinci, duk wahalar da dabba ne, kuma kazar da aka horar da yunwa ta fi daɗewa kafin ta dawo yin ƙwai. Wadda aka ciyar da kyau takan dawo bayan mako ɗaya zuwa uku.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya ƙirga kajinsa mata, ya rubuta yawan gurbin da suke buƙata. Sannan ya lissafa wannan: Malama ta sa ƙwan zabuwa ranar Talata, 3 ga wata. Wace rana ce za ta ƙara ƙwan kaza, kuma ranar nawa ga wata za ta fara sauraren kukan 'yan tsaki?