Yadda Ake Zaɓen Garin Zamiyar Ƙanƙara Idan Ayari Ya Haɗa Gwani da Ɗan Koyo

A ce ku takwas ne za ku tafi hutun mako guda a tsaunukan Alps na Turai. Biyu sun shekara goma suna zamiya a kan dusar ƙanƙara, uku sun taɓa zuwa sau ɗaya ko biyu, biyu ba su taɓa ɗaura katakon zamiya a ƙafa ba, na takwas kuwa ya ce kallo da ɗaukar hoto ne za su kai shi. An ɗora maka zaɓen wuri. Abin da yakan faru shi ne gwanin cikinku ya fi kowa ɗaga murya, domin shi ya san sunayen garuruwan, sai a bi shi. Kwana biyu da isa, ɗan koyo ya koma ɗaki yana tausa gwiwa yana lissafin kuɗin da ya zubar. Shawarata ita ce ka fara zaɓe daga wanda ya fi kowa rauni. Gwani zai samo abin da zai ɗebe masa kewa a kusan kowane babban dutse, amma ɗan koyo idan wuri bai karɓe shi ba, hutunsa ya ƙare.

Mataki na farko: a faɗi gaskiyar iyawa

Kada ka tambayi mutum ko ya iya, kowa zai ce ya iya. Tambaye shi mako nawa ya yi a kan ƙanƙara duka-duka, yaushe rabonsa da ita, kuma wace irin gangara yake sauka hankalinsa kwance. Wanda ya yi kwana uku shekara bakwai da suka wuce, ka rubuta shi cikin 'yan koyo ko da zai ɓata rai.

A nan sai ka san launukan da ake yi wa hanyoyin gangara alama da su. A Faransa kore na sabon shiga ne, shuɗi mai sauƙi, ja na matsakaita, baƙi na gwanaye. A Ostiriya da Suwizalan galibi babu kore, daga shuɗi ake farawa. Ma'aunin Ostiriya ya ce shuɗiyar hanya ba ta wuce gangarar kashi 25 cikin ɗari, wato saukar mita 25 a kowace tafiyar mita 100, ja kuma ba ta wuce kashi 40, abin da ya haura haka baƙi ne. Amurka da Kanada nasu daban: koren da'ira, shuɗin murabba'i, sai baƙin lu'ulu'u ɗaya ko biyu. Shuɗinsu na matsakaita ne, don haka wanda ya ce maka yana sauka shuɗi, ka tambaye shi shuɗin wace nahiya.

Kuma kowane gari shi ke shafa wa hanyoyinsa launi. An san Val d'Isère a Faransa da St. Anton a Ostiriya da cewa shuɗinsu zai iya zama ja a wani wurin.

Mataki na biyu: buɗe taswirar dutsen, ka bar tallar kilomita

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Kowane gari yana da taswirar hanyoyinsa a intanet. Masu talla za su cika ka da adadi: yankin Les 3 Vallées a Faransa yana da hanyoyi kilomita 600, Paradiski, shi ma a Faransa, kilomita 425, Dolomiti Superski a Italiya kilomita 1,200. Duk gaskiya ne, sai dai ɗan koyonku ba zai taka ko kilomita goma daga ciki ba. Abin da za ka duba shi ne yadda hanyoyin suka kwanta.

Fara da neman filin koyo. Yana bakin gari ne, inda mutum zai taka da ƙafa, ko sai an hau keken igiya, wato na'urar da ke rataye a jikin waya tana ɗaukar mutane zuwa saman dutse? Sannan ka duba abin da ke biye da shi. Bayan kwana biyu ɗan koyo zai gaji da ɗan tudun yara, yana buƙatar doguwar hanya mai laushi wadda zai ji shi ma ya hau dutse. Idan daga filin koyo sai jar hanya, wurin bai yi ba.

Sai babbar tambaya: shin akwai keken igiya guda wanda daga ƙolinsa hanya mai sauƙi da mai wuya suka rabu, kuma suka sake haɗuwa a ƙasa? Idan akwai irin wannan, kun huta. Ku hau tare kuna hira, kowa ya bi launinsa, ku haɗu a gindi. Alpe d'Huez a Faransa misali ne mai kyau. Garin yana kan mita 1,860, a samansa kai tsaye akwai shimfiɗaɗɗen fili cike da korayen hanyoyi, can ƙoli kuma a Pic Blanc, mita 3,330, gwanaye suna da Sarenne, baƙar hanya mai tsawon kilomita 16. Dutsen kamar bene yake, iya hawanka iya wuyarsa, kuma yawancin hanyoyin gari ɗaya suke dawowa.

Ka kwatanta da Chamonix, shi ma a Faransa. Suna ne babba, nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, kuma gwaninku zai so ya sauko Vallée Blanche, wata shahararriyar doguwar gangara, daga ƙolin dutsen Aiguille du Midi mai tsayin mita 3,842. Amma wuraren zamiyar Chamonix a warwatse suke a tsawon kwarin, yawancinsu sai an shiga bas daga wannan zuwa wancan. Da safe kowa ya kama gabansa, ba za ku sake ganin juna ba sai dare. Gari ne mai kyau ƙwarai, amma ga ayari irin naku ni ba zan zaɓe shi ba.

Abu na ƙarshe a taswirar shi ne hanyar dawowa gida. Da la'asar kowa ya gaji, dusar ta taru tsibi-tsibi saboda yawan ƙafa, wani wurin kuma ta daskare ta zama gilashi. Idan hanyar da ke shiga gari ja ce ko baƙa, kamar yadda wasu suke a Val d'Isère, tabbatar akwai gondola, wato keken igiya mai rufaffen ɗaki, da mutum zai iya saukowa a cikinta. Ba abin kunya ba ne, kuma gara a sanar da 'yan koyo tun ranar farko.

Mataki na uku: tsayin gari da lokacin tafiya

Waɗannan biyun tare suke tafiya. Kakar zamiya a Alps daga Disamba take zuwa Afrilu. Idan a farkonta ko ƙarshenta za ku je, ku nemi gari mai tsayi, domin sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau. Val Thorens yana kan mita 2,300, babu garin zamiya a Turai da ya kai shi tsayi, Cervinia a Italiya kuma mita 2,050 ne, ga dogayen hanyoyi masu sauƙi, ga mashiga zuwa Zermatt ta Suwizalan ga wanda ƙafarsa ta nuna.

Sai dai tsayi yana da nasa haraji. A can sama babu itatuwa, ranar da hazo ya sauko sai sama da ƙasa su zama fari ɗaya, ko gwani sai ya yi laluben hanya balle ɗan koyo. Wasu kuma daren farko sukan sha ciwon kai da ƙarancin barci. Garuruwa irin su Morzine da Les Gets suna ƙasa, wajen mita 1,000 zuwa 1,200, hanyoyinsu suna ratsa daji, itatuwan suna nuna wa mutum gefen hanya, amma dusarsu ba ta da tabbas idan kaka ta zo da ɗumi. A Janairu zuwa farkon Maris wannan ba ya cika zama matsala.

Ku kiyayi makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da kuma Fabrairu lokacin hutun makarantun Faransa, wanda ake rarraba shi shiyya uku har ya ɗauki kusan wata guda. Layi yakan yi tsawo, filin koyo ya cika. Tsakiyar Janairu ya fi sarari amma da sanyi da gajeriyar rana. Ni dai tsakiyar Maris na fi so wa sababbin shiga, rana ta yi tsawo, faɗuwa ma ta fi daɗin ɗauka idan yatsu ba su ƙage ba.

Mataki na huɗu: makaranta kafin masauki

Kada miji ya ce zai koya wa matarsa, kada aboki ya ce zai koya wa abokinsa. An sha gwadawa, ƙarshenta rigima. A Faransa kusan kowane gari akwai reshen ESF, makarantar da aka kafa a 1945, malamanta masu jajayen kaya, akwai kuma makarantu masu zaman kansu. Darasin rukuni yakan fara ne Lahadi ko Litinin ya tafi har ƙarshen mako, don haka ayarin da ya sauka Laraba zai iya rasa aji. Ka tambayi harshen da malami zai yi magana da shi, da yawan ɗalibai a aji, ka kuma kama gurbi tun kafin ka biya kuɗin ɗaki. Darasin safe ya fi dacewa, domin a haɗu da rana a yi zamiyar yamma tare a hanyar da malamin ya ce sun isa bi.

Bayan nan ka nemi masauki kusa da inda makarantar ke tara ɗalibanta. Takalmin zamiya nauyi gare shi kuma ba ya lanƙwasa, tafiyar minti goma a cikinsa da katako a kafaɗa ta isa ta sa mutum ya karaya tun bai fara ba. Masu gidaje suna son tallar cewa daga ƙofa za ka zame, ka dawo har ƙofa. Duba launin hanyar da ta wuce ta ƙofar. Idan ja ce, tallar ba ta shafi rabin ayarinku ba. Ka lura kuma da cewa suna ɗaya yakan rufe ƙauyuka da yawa: Courchevel akwai Le Praz a ƙasa, akwai Moriond, akwai na sama da ake kira 1850, La Plagne ma haka take a rarrabe. Ku tabbata duk ƙauye ɗaya kuka kama.

Mataki na biyar: wanda ba ya zamiya

Shi ake mantawa da shi. Garuruwan da aka gina musamman don zamiya a shekarun 1960 da 1970 suna da sauƙin fita dutse, amma wanda ba ya hawa zai gama zagaye su cikin awa guda. Tsofaffin garuruwa irin su Zermatt, inda ba a shiga da motar fetur, ko Kitzbühel, ko ƙauyukan Val Gardena, suna da tituna da shaguna da hanyoyin tafiyar ƙafa da aka share. Tambayi ko ana sayar da tikitin keken igiya na masu tafiya a ƙasa, kuma ko akwai gidan abinci a kan dutse da gondola ke kaiwa ƙofarsa. Wannan gidan abincin shi ne zai zama mahaɗarku ta tsakar rana, ku sa masa lokaci tun da safe, domin sanyi yana cinye batirin waya.

Mataki na shida: tikiti, hanya da inshora

Kada ka saya wa kowa tikiti iri ɗaya. Gwanaye su ɗauki na dukkan yankin, matsakaita su duba ko na kwari ɗaya ya ishe su, 'yan koyo kuwa su jira abin da makaranta za ta ce, domin garuruwa da dama a Faransa suna barin na'urorin filin koyo kyauta ko a kan ɗan ƙaramin tikiti.

Duba nisan filin jirgi. Daga Jeneba zuwa Morzine kamar awa ɗaya da rabi ne, zuwa Val Thorens kuwa wajen awa uku, kuma ranar Asabar da baƙi ke sauyawa hanyar takan cushe. Idan ba jirgi ɗaya za ku shigo ba, gari na kusa zai rage maka ciwon kai.

Inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar wasannin ƙanƙara, sai an ƙara. A Faransa idan ma'aikatan ceto suka sauko da mutum daga hanya, biya ake yi, shi ya sa a yankin Savoie ake sayar da inshorar Carré Neige tare da tikiti. A Italiya tun Janairun 2022 doka ta wajabta wa duk mai zamiya inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wani. Gwanayen da ke son fita wajen hanyoyin da aka shata su duba ko tasu ta yarda da hakan, su ɗauki jagora, su kuma karanta sanarwar haɗarin zaftarewar ƙanƙara ta ranar, wadda ake aunawa daga 1 zuwa 5.

Idan ka tace, kada ka kawo wa ayari garuruwa goma, za ku shekara kuna musu. Kawo biyu ko uku da suka tsallake matakan nan, ka tura musu taswirar kowanne ka zagaye filin koyo da mahaɗar rana da hanyar dawowa, ka sa ranar rufe zaɓe. In ƙuri'a ta yi kunnen doki, a bar 'yan koyo su raba gardama.