Yadda za ka bambance ɗan shirwa, ɗan shaho da ɗan gaggafa

1. Ka tsaya bakin kogin Kaduna da hantsi, rana a bayanka. Kada launi ya ruɗe ka, domin dukansu ruwan ƙasa ne tun suna ƙanana.

2. Fara duban wutsiya. Ta shirwa a ɗan tsage take, tana murɗa ta in tana shawagi. Ta shaho doguwa ce mai ratsi-ratsi. Ta gaggafa gajera ce.

3. Dubi baki. Na ɗan shirwa baƙi ne, sai ya girma yake zama rawaya. A nan mutane da yawa ke kuskure.

4. Ɗan gaggafa babban kai gare shi, fatar fuskarsa shuɗi-shuɗi. Yakan kai shekara 7 kafin ya yi baƙi.