Darasi na Tara: Nuna Tsananin Mamaki da Turanci

Yawancin masu koyon Turanci kalma ɗaya suke kamawa su riƙe, wato surprised. Baƙo ya faɗo ba zato, surprised. An ce gobara ta tashi a kasuwa, nan ma surprised. To ai mamaki hawa-hawa ne, kuma wannan kalmar ita ce ta ƙasa, ta ɗan abin da ba a yi tsammani ba.

In abin ya burge ka har ka ce "Ikon Allah!", amazed za ka ɗauka. Misali, wata dattijuwa a ajinmu ta karanta takardar asibiti da kanta, ba wanda ya taya ta. Ɗanta zai ce: I am amazed. In mamakin ya zarce haka, har mutum ya tsaya sororo yana kallo, sai a hau zuwa astonished ko astounded. Waɗannan biyun sun dace da rubutu, ko wasiƙar ofis ce.

A kula da shocked. Galibi da mummunan labari take tafiya: rasuwa, haɗarin mota, kuɗin magani da ya ninka dare ɗaya, abin da kan sa jikin mutum ya yi sanyi. Kada wani ya kawo maka kyautar yadin shadda ka ce masa I am shocked, sai ya zaci ya yi laifi. Stunned kuwa ta wanda ya daskare ne ya kasa motsi, labarin daɗi ne ko akasinsa. Speechless kuma, magana ta maƙale.

Akwai biyu na hira. Flabbergasted tana da nauyi a baki, amma tsohuwa ce, tun ƙarni na 18 Turawa ke faɗinta, kuma takan zo da ɗan raha. Gobsmacked ta mutanen Birtaniya ce. A bakin 'yan unguwa can gob baki ne, smack kuma mari, kamar dai yadda mukan riƙe baki mu ce "Tabɗi!" Ku san ta don ku gane in kun ji a rediyo, amma ban ba ku shawarar rubuta ta ga shugaban ma'aikata ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ƙarshen kalma. Mai jin mamaki shi ke ɗaukar -ed, abin da ya jawo mamakin ya ɗauki -ing. I am amazed, na yi mamaki. I am amazing kuwa, ka yabi kanka ne, ka ce kai abin mamaki ne, sai a yi maka dariya.

Aikin yi: ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya ba da labari da Hausa, ko na 'yan uku da aka haifa a maƙwabta, ko na buhun masara da ya yi tashin gwauron zabi. Ɗayan ya zaɓi kalmar da ta dace, ya faɗa da ƙarfi, ya rubuta jimlar a littafinsa. Sai ku yi musaya.