Ka tura wa ejan littafinka, shiru kake ji? Ga yadda ake jiran

Toh ka gama littafi, ka zauna ka tsara wasiƙar nan mai shafi ɗaya da ake tallata shi da ita, ka tura wa ejan na marubuta, wato waɗanda ke shigar da littafi wajen manyan kamfanonin ɗab'i a Amurka da Ingila, yanzu kuma ba ka da aiki sai leƙa imel kowane minti biyar. Wallahi jiran nan yana cin rai, kuma na ga yadda yake sa mutum ya yi abin da zai ɓata masa dama, shi ya sa nake so mu yi maganar.

Ka fara sanin me ke faruwa a can ɓangaren. Ejan ba a biyansa don ya karanta wasiƙu, kamisho yake ci, yawanci kashi 15 cikin ɗari na abin da marubucinsa ya samu, kashi 20 in haƙƙin fassara aka sayar a wata ƙasa, ka ga kenan sai ya sayar da littafi kuɗi zai shigo masa. Saboda haka yininsa na marubutan da ya riga ya ɗauka ne, gyaran rubutu, kwantiragi, bin editoci, wasiƙun sababbi kuwa sai da dare ko ƙarshen mako in ya samu sarari. Shirun da kake ji sau da yawa layi ne kawai bai zo kanka ba. Akwai ma lokutan da abin ke ƙara ja, watan Agusta, ƙarshen Disamba, da kwanakin baje kolin littattafai na Farankfot a Oktoba da na Landan wajen Maris ko Afrilu.

Abin yi na farko, tun ranar da ka tura ka buɗe takarda ko Excel ka rubuta sunan ejan, ranar da ka tura, da wa'adin da ya faɗa a shafinsa. Galibi za ka ga sati 6 zuwa 12. Wasu suna amsa wa kowa, wasu kuma sun rubuta ƙarara cewa in wa'adin ya wuce ba ka ji komai ba to a'a ce, irin waɗannan da ranar ta cika ka ja layi a kan sunan ka wuce, kar ka bari ya zauna maka a zuciya. Wani shafin intanet mai suna QueryTracker na taimakawa, marubuta ke shigar da ranar da suka tura da ranar da aka amsa musu, sai dai don Allah kar ka tare a can, ejan da yawa ba bi da bi suke karantawa ba, za ka ga an amsa wa wanda ya tura bayanka hankalinka ya tashi alhali ba komai ba ne. Ka dinga duba sipam, wato akwatin da imel ɗinka ke jefa saƙonnin da ya ɗauka na banza ne, sau ɗaya a sati, ko amsa ta faɗa can.

Kar ka tura wa kowa lokaci guda. Biyar zuwa goma sun isa, ka jira ka ga me zai dawo. In duk a'a ce irin ta gama-gari babu wanda ya nemi ƙarin shafuka, matsalar tana wasiƙar ko shafukan farko, sai ka gyara kafin zagaye na biyu. Wannan ina ganin shi ne mafi muhimmanci, domin ejan ɗin da ya ce a'a ba a cika sake kai masa littafi ɗaya ba, in ka ƙarar da lis ɗinka da wasiƙa mai rauni shi kenan.

Yaushe ake tuntuɓa? In ejan mai amsa wa kowa ne kuma wa'adinsa ya wuce da sati biyu haka, ka tura layi biyu cikin ladabi a kan imel ɗin farko, sau ɗaya tak. In ya nemi cikakken littafin, ka ba shi aƙalla wata 3 kafin ka yi magana. Amma in wani ya ce zai ɗauke ka, nan take za ka sanar da duk sauran da rubutunka ke hannunsu, ka ba su wa'adi, sati 2 aka saba, kuma wannan ba rashin kunya ba ne, su ma haka suke so. Banda kiran waya, banda bin su ta Instagram, banda mayar da martani in an ƙi ka, ko ranka ya ɓaci.

Sannan a kula, lokacin da mutum ya gaji da jira ne 'yan damfara ke samunsa. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin karatu ko na rajista kafin ya wakilce ka, ka rabu da shi, ka duba sunansa a Writer Beware, shafin intanet da ke fallasa masu damfarar marubuta.

Ragowar lokacin kuwa ka fara sabon littafi, kuma shawarata kar ya zama ci gaban wanda ka tura, tunda in na farkon bai shiga ba na biyun ma ya maƙale. Wani labari daban, ko shafi ɗaya ne a rana. Ka rubuta taƙaitaccen bayaninsa a layi uku ka ajiye kusa, don in ejan ya kira ka, cikin tambayoyin da za ka ji har da me kake rubutawa yanzu.